Sunaye Huɗu da Jan Biro

Ranar da muka taso daga ƙauyenmu, kowa ya ɗauki abin da yake so ya tsira da shi. Inna ta ɗauki tukunya da ragowar gero, ƙanwata ta rungumi 'yar akuya, ni kuwa na cusa wani tsohon littafi cikin riga. Irin dogon littafin nan ne mai baƙin bango da 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki. Gara ta ci gefensa, ruwan sama ya taɓa jiƙa shi har tawadar wasu shafuka ta narke. Da Inna ta gani sai ta ce, "Mutane na ɗaukar abinci, kai takarda kaka ɗauka?" Ban ce mata komai ba.

Littafin kulob ɗin ƙwallon ƙafa ne na samarin ƙauyenmu, a Ƙaramar Hukumar Zurmi ta Jihar Zamfara. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, saboda har yanzu akwai mutanenmu da ke satar jiki su koma noma can. Kada ku zaci wani babban kulob ne. Ba mu taɓa fitar da wanda ya buga wa Zamfara United ba, balle a yi maganar Kano Pillars. Kofi ɗaya tak muka taɓa ci, shi ma na gwangwani. Amma duk yaron da ya tashi a garin tun daga 1980, in dai ƙafarsa ta taɓa ƙwallo, sunansa na cikin littafin nan. Ni ne mutum na uku da ya riƙe shi, kuma ni kaɗai na taɓa yi masa ɓarna. Labarin da nake so in ba ku ke nan, ƙannena, amma bari mu faro daga tushe.

Tun kafin a ga ƙwallon fata a garinmu ake buga ƙwallo. Ku duba kalmar ma: ƙwallo a Hausa ai abin da ke cikin ɗan itace ne, kamar ƙwallon mangwaro ko na goruba. Kakana ya ce a zamaninsu, in an kai amfanin gona rumbu, samari kan sami ƙwallon goruba, kowa ya saro sanda mai lanƙwasasshen kai, a rabu gida biyu, gabas da yamma. Babu adadin 'yan wasa, babu alƙali. Wata tsamiya ce gidan waɗannan, wata kuka ce gidan waɗancan, wanda ya kora ƙwallon ya wuce itacen abokan karawa ya ci. Har ya rasu akwai tabon wasan a ƙwaurinsa, yakan nuna shi kamar wanda ya je yaƙi. Yakan ce yaran ruga ne gwanaye, don su da sanda suka tashi, shi ya sa kowane ɓangare ke rububinsu. In kun ji ana kiran wasan hoki ƙwallon gora, to sunan ba baƙo ba ne a kunnen tsofaffinmu. Ga langa, ga kokawa, ga dambe a ƙasar su Shago. Wasa dai muna da shi; ƙwallon ƙafa ne baƙo.

Shi kuwa ya iso mana a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Aka gina mana aji biyu, aka turo wani saurayin malami. Jirgin ƙasa ya kawo shi Ƙauran Namoda, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya tun 1929, ya hau motar katako zuwa Zurmi, ya ƙarasa a ƙafa, akwatinsa bisa jaki. Cikin akwatin akwai ƙwallon fata da famfonsa. Iyaye na ɓoye 'ya'yansu don kada a kai su boko, hakimi ya aiko dogari har sau biyu a banza. Malam bai yi gardama da kowa ba. Kullum da la'asar sai ya fito bayan aji yana ɗaga ƙwallon nan da ƙafa shi kaɗai, yara na leƙe ta bayan darni. Sharaɗinsa ɗaya ne: wanda ya zauna aji da safe shi zai taɓa ƙwallo da yamma. Kafin damina ta zagayo aji ya cika.

Da harabar makaranta ta yi kaɗan, aka je wurin mai gari neman fili. Ya kira arɗo suka zauna, aka ba yara wani yanki a gefen makiyaya, kusa da burtali. Tsofaffi har yau suna tuna abin da mai gari ya ce: "Wanga hili aro ne munka ba ku. Damina ta shanu, rani naku." Tsarin kuwa ya yi wa kowa daidai. Da damina shanu ba su da wurin zuwa saboda shuka, samari kuma suna gona. Da an yi girbi shanu su shiga gonaki cin kara, su bar mana fili ciyawa a gajarce kamar an aske. Namu kawai mu kwashe kashin shanu mu kai gonar makaranta, mu kafa sandunan raga, mu ja layi da toka. Na girma ina ganin haka, ban taɓa lura cewa shanun ne ke gyara mana fili ba.

An buɗe littafin a 1980. Ranar 22 ga Maris, 'yan wasan Najeriya, da ake kira Green Eagles a lokacin, suka doke Aljeriya da ci uku da nema a Legas, suka ɗauki Kofin Afirka karo na farko. Rabin gari ya taru a gindin rediyon Malam, washegari kowane yaro ya zama Odegbami. Malam ya ga abin ya girma, ya sayo littafi ya rubuta dokoki a shafin farko. Kowa zai riƙa biyan sule duk Juma'a, wato kwabo goma. Wanda ya guje wa gonar ubansa ba zai buga ba. Liman ya ƙara tasa da ajami, cewa da an kira magariba wasa ya ƙare, ko da ƙwallo na bakin raga. Sai wasu biyu da ba wanda ya san nauyinsu a lokacin. Ɗan kulob shi ne duk mai shan ruwan babbar rijiyar gari. Da gangan Malam ya rubuta haka, domin a rijiyar nan matan gari da matan ruga ke haɗuwa. Ta ƙarshen kuma: ba a soke suna. In mutum ya yi tafiya sunansa na nan, in ya rasu a rubuta "Allah ya jiƙansa" a gefe. Da aka canza wa Malam wurin aiki, ya bar littafin a hannun ɗaya daga cikin ɗalibansa na farko, wanda daga baya gari duka ya sani da Koci.

Shafukan da suka biyo baya tarihin garin ne. Ga farin 1984, wata da watanni ba wanda ya biya sule. Ga ranar da kulob ya yi ƙwadagon cirar gyaɗa aka sayi singileti goma sha ɗaya, aka kai marina, aka rubuta lamba da fenti. Ga ragon da arɗo ya bayar aka sayar, rago ya zama raga. Ga tarar da aka ci wani don ya zagi alƙalin wasa. Sule ya koma naira, naira ta koma hamsin. A shafin 1996 Koci ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta bayan ta doke Brazil da Ajantina, ya ja layi ƙarƙashin sunayen Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi, 'yan Kaduna, don yara su ga ɗan Arewa ma na kaiwa. Bayan wata biyu, ranar 1 ga Oktoba, abin da ya rubuta ke nan: "An ba mu jiha, Zamfara. Ƙwallo ya fashe, ana neman bulada."

Sunan kulob kuwa ya sha canzawa. An ari na Ranchers Bees ta Kaduna, an ari na Pillars. Da gidan kallo ya zo da janareta aka ga Kanu a Arsenal, sai muka zama Arsenal. Da Mikel ya je Chelsea a 2006 saura ƙiris mu rabe biyu. Mutanen gari ba ruwansu, "yaran Koci" suke cewa.

Na shiga ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Gaskiya ban iya ƙwallo ba. Koci ya gwada ni a baya, ya gwada ni a tsakiya, ya gwada ni a benci, nan ya ga na fi dacewa. Da ya lura rubutuna na da kyau sai ya miƙa mini littafi. A bayan raga nake zama da shi, shi ya sa na shaƙu da mai tsaron gidanmu. Sa'ana ne, ɗan ƙanen arɗo, dogo siriri mai dogayen hannuwa. Ba mai kiran sunansa na yanka, Gola kawai. Daga kiwo yake zuwa, ya kafa sandarsa bayan raga, ya rataya malfa a kai, ya tofa yawu a tafin hannu, safar hannunsa ke nan. Bai yi boko ba. In ƙwallo na can gidan abokan karawa sai ya juyo ya ce in nuna masa inda aka rubuta shi. Na yi ta nuna masa har ya haddace shafin da layin. Sunansa shi ne kalma ta farko da ya iya karantawa, kuma a littafin nan ya koye ta. Shi kuma ya koya mini iyo a gulbi, da yadda ake bambance hadarin da zai zubar da wanda zai wuce.

A farkon 2013, daidai lokacin da Stephen Keshi ya jagoranci Super Eagles suka ci Kofin Afirka a Afirka ta Kudu, wani ɗan siyasa ya sa kofi tsakanin ƙauyukan yankinmu. Muka yi ta ci har wasan ƙarshe. Sai labari ya zo cewa abokan karawarmu sun yi hayar 'yan wasa uku daga Gusau. Samarinmu suka ce mu ma a yi karo-karo a ɗauko daga Ƙaura, har da gola mai safar hannu. Koci ya sa na buɗe shafin farko na karanta dokar rijiya da ƙarfi. Ya ce, "In sun sha ruwanmu shekara guda ku kawo su. In ba haka ba, gara a ci mu da ɗiyanmu." Wasu suka yi ta gunaguni, wai tsohon nan zai ja mana asara.

Daga baya, ina karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, na ci karo da wani abu da ya ƙara mini ganin girman Koci. A ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, akwai wasan gargajiya da suke kira hurling, mutum goma sha biyar kowane ɓangare, da sanda da ɗan ƙaramin ƙwallo. Da na ga bidiyonsa kakana na tuna. Su ba su bar nasu ya mutu ba. A 1884 suka kafa ƙungiyar GAA a garin Thurles don raya shi tare da irin tasu ƙwallon ƙafar, suka kuma ɗora ta a kan ƙauyuka da unguwanni. Yaro yakan buga wa inda ya tashi, ba cinikin ɗan wasa, ba albashi. Malamin makaranta ko manomi zai buga wasan ƙarshe gaban mutum fiye da dubu tamanin a filin Croke Park na birnin Dublin, ya koma bakin aikinsa. Koci bai taɓa jin sunan Ailan ba, amma dokar rijiya ce dai. Abin da ya ba ni kishi shi ne da yawa daga ƙananan kulob ɗin nan sun buga littafin tarihinsu. Ku fa, kun san wanda ya fara kawo ƙwallo garinku? Ku tambayi tsofaffi tun suna nan.

Mu koma wasan ƙarshe, wanda aka yi a cikin garin Zurmi. A-kori-kura biyu muka cika, wasu a babur, wasu a ƙafa tun hantsi, 'yan ruga da sandunansu. 'Yan hayar nan kuwa sun iya, ba ƙarya. Ba a yi minti goma ba suka zura mana ɗaya, suka riƙa juya mu yadda suke so. Gola ne ya hana abin ya zama abin kunya. Ya tare ta sama, ya tare ta ƙasa, har leɓensa ya fashe. Ana dab da tashi, ƙanena mai lamba bakwai, ɗan shekara goma sha shida, ya ɗauko ƙwallo daga gefe ya yanke mutum biyu ya buga. Ban ga shigarsa ba, ƙura ta rufe, ihu kawai na ji. Aka tafi bugun fanareti. Gola ya tsaya tsakiyar raga ya buɗe hannuwan nan kamar zai tare garke. Ya kaɗe na farko. Na huɗu kuma, na babban ɗan hayar, ya cafke ya rungume ya ƙi saki, sai da alƙalin wasa ya roƙe shi.

Kuɗin da aka yi alkawari rabi muka gani, sauran har yau suna hanya. Ba mu damu ba. Muka kai kofi ƙofar mai gari, liman ya sa albarka, daga nan gari ya ɗunguma zuwa ruga da dare da fitilu. Mahaifiyar Gola ta karɓi kofin ta jujjuya shi, ta ce wannan ƙwarya ba ta da kyau amma za ta yi, ta cika shi da kindirmo. Aka riƙa zagayawa da shi, Bahaushe ya kurɓa ya miƙa wa Bafulatani. A daren na rubuta shafi uku da fitilar waya.

Alhali tun lokacin wuta ta kama a gefen daji, mu ne ba mu ji zafinta ba tukuna. Kun san sauran labarin, wasunku ma sun fi ni saninsa. Satar shanu ta yi yawa, kuma makiyaya na cikin waɗanda aka fara yi wa. Gonaki sun cinye burtali a wurare da dama. Aka kafa 'yan sa-kai don kare garuruwa, wasunsu suka shiga kashe mutum ba shari'a, don kamanninsa kawai. 'Yan bindiga kuma suka riƙa afka wa ƙauyuka, ba ruwansu da wa ya yi, wa bai yi ba. A Fabrairun 2018 aka kashe mutane da dama a Birane, nan cikin Zurmi, labarin ya bazu ko'ina a ƙasa. Bayan 'yan makonni abin ya zo gidanmu. Aka tare hanya ranar kasuwa aka harbe mutanen garinmu. Biyu 'yan kulob ne. Ɗaya ƙanena ne, mai lamba bakwai.

Da hannuna na rubuta "Allah ya jiƙansa" gefen sunansa. Bayan addu'ar uku samari suka taru a fili, gindin darbejiya. Kalma ɗaya ke yawo a bakin kowa: infoma. Wa ya san lokacin dawowarsu? Wa ya san hanyar da za su biyo? A kulob akwai yaran ruga huɗu. Ba wanda ya ga komai, ba wanda ya kawo shaida ko ɗaya, amma aka ce a cire su. Koci ya dogara sanda ya miƙe, lokacin ƙafa ta fara damunsa, ya ce doka ta hana. Aka yi masa ihu, abin da ba a taɓa yi ba. Sai idanu suka juyo kaina, ni ne mai littafi, ni ne kuma mai rashi. Da na ce a'a, na tabbata da an bari, don ba wanda zai ce ya fi ni jin zafi a ranar. Lokacin ina koyarwa a firamaren garin, jan biron da nake duba aikin yara da shi na aljihuna. Na buɗe littafi na ja layi a kan suna huɗu. Na Gola sau biyu na ja, har takarda ta kusa yagewa.

Koci ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ɗana, mi kay yi? Wanda ya mutu ma ba mu yi mai haka." Ya juya ya tafi gida.

Bayan kwana biyu Gola ya zo mini ta'aziyya. Ya san haɗarin shigowa gari a lokacin, ya zo duk da haka, ba ko sanda a hannunsa don kada a ce wani abu. Ya tsaya bakin zaure ya yi sallama sau uku. Ina ciki, ina ganin ƙafafunsa ta ƙasan asabari. Ban amsa ba. Na san 'yan bindiga sun kore musu fiye da rabin garke kafin nan. Na san an kashe baffansa a kasuwa ba don ya yi komai ba, kuma ba mu je musu ta'aziyya ba, shi kuwa ya ci gaba da zuwa tsaron raga. Duk na sani, amma ban so in tuna ba. Kafin mako ya zagayo ruga ta tashi.

Da damina ta wuce muka je gyaran fili, muka tarar ciyawa ta kai ƙugu, ƙarangiya ko'ina. Ba shanun da za su cinye ta. Muka yi kwana uku da lauje da fartanya, muka buga wasa biyu yara na tsayawa cire ƙaya. Kuma wa zai tara samari talatin a gefen daji da yamma? Shafin 2019 layi huɗu ne. Na 2020 babu komai. A Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka dakatar da kasuwannin mako, aka rufe makarantu, muka taso. Koci ya rasu a Ƙauran Namoda, a zauren wani ɗan'uwansa. Har ya bar duniya bai sake yi mini maganar jan biro ba. Ina ma ya yi.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Ƙaura. Bara ina wucewa kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa na ga yara na buga ƙwallon roba, duwatsu ne ragarsu. Na gane fuskokin iyayensu a fuskokinsu, 'ya'yan garinmu ne. Na tambaye su ko su wane ne, suka ce yaran Koci, mutumin da yawancinsu ba su taɓa ganin yana hura usur ba. Washegari na zo da littafi, suka yi ta rububin neman sunayen iyayensu da yayyensu. Sai gardama ta tashi kan dokar rijiya, tunda akwai yaran Ƙaura da 'yan gudun hijira daga ƙauyukan Shinkafi da ke wasa da su. Sun fi awa suna muhawara, ban sa baki ba. A ƙarshe suka ce ai burtsatsen unguwar ma rijiya ce, duk mai ɗiba a nan ɗan kulob ne. Suka zaɓi magatakarda, wani ɗan aji ɗaya na babbar sakandare, shi ma an ce bai iya ƙwallo ba.

Shi ya ga jan layin. Ya ce, "Malam, waɗanga huɗun mi sunka yi?" Zan iya ce masa sun bar gari ne. Na zaunar da shi na faɗa masa duka, yadda na faɗa muku. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai doka ba ta ba ka izini ba, Malam." Na ce haka ne. Ya sayo sabon littafi da kuɗin kulob, ya yi mako biyu yana kwafe sunaye tun daga 1980. Huɗun nan ya rubuta su da baƙin biro kamar kowa.

Neman Gola ya ɗauke ni wata uku. Wani dillalin shanu a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ne ya samo mini lambarsa. Yana can kudu da nisa, yana kiwon shanun wani a biya shi. Biyu daga cikin yaran suna tare da shi, na huɗun zazzaɓi ya kashe shi a hanya. Da na faɗi sunana ya yi shiru har na zaci layi ya katse. Sai ya yi mini ta'aziyyar ƙanena, wadda na ƙi karɓa a bakin zaure. Na amsa. Na ce masa na zalunce shi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce, "An ce da ja ka yi." Na ce da ja ne. Ya ce, "Shafi na sha tara, layi na shida." Na ce yana nan, kuma an mayar da shi sabon littafi ba layi a kansa. Ya tambayi Koci, na faɗa masa, na ji yana salati.

Da na ba magatakarda labari, ya rubuta "Allah ya jiƙansa" gefen sunan na huɗun. Sannan ya ɗauko kalkuleta. Ya ce tunda ba a taɓa cire Gola ba, to ana binsa kuɗin Juma'a tun 2018, naira hamsin-hamsin, ni ma ana bina na shekara uku. Na yi dariya, amma yaron ba wasa yake yi ba. Na biya nawa, na kira Gola na faɗa masa. Ya yi irin dariyar da rabon in ji ta tun daren kindirmo. Asabar ɗin da ta wuce mai POS na unguwarmu ya aiko in zo, an turo dubu biyu. Sauran, in ji Gola, sai ya sayar da ɗan ragonsa bayan damina, kuma wai in tambayi sabon golan ko yana tofa yawu a hannu. Magatakarda ya shigar da dubu biyun a shafin bana, ya rubuta ragowar bashin a gefe.